Ina Ruwanmu da Omaha? Gyara Zama, Malam

Na ji tsakin tun daga nan. Ban gama rubuta kan maganar ba wani ya karkata hula ya ce, "Shi ke nan, shi ma sun saye shi." Na kusa da shi ya ce ai biza nake nema. Hajiya kuwa ta riƙe haɓa: duk mutanen da ake kashewa a duniya yau ba su ishe ni ba, sai na tono waɗanda suka mutu a bakin tekun Faransa tun 1944, kuma wai Amurkawa, mutanen da suka yi wa Iraƙi abin da suka yi mata? Sannunku da ƙoƙari. Ofishin jakadanci bai san da zamana ba, in kuma ana rabon dala a kan irin wannan rubutu, to layin bai biyo ta unguwarmu ba. Ku gyara zama, mai shayi ya ƙaro, mu yi ta.

Maganata gajeriya ce, gardamarku ce za ta ja ta. Ranar Talata 6 ga Yuni 1944, sojojin ƙawance kimanin 156,000 suka faɗa yankin Nomandi na arewacin Faransa, wasu ta ruwa wasu ta laima, don su ƙwace ƙasar daga hannun Jamus. Kusan 73,000 daga cikinsu Amurkawa ne. An raba bakin tekun gida biyar: Ingila ta ɗauki biyu, Kanada ɗaya, Amurka ta ɗauki biyun da aka laƙaba wa Yuta da Omaha. Kafin dare an kashe kimanin 4,400, kuma 2,500 a ciki 'ya'yan Amurka ne. Duk shekara ana taruwa a tuna su, ni kuma na ce sun cancanta. Yaro ɗan shekara 19 da ya nutse da jakarsa a baya da sanyin wannan safiya ba shi ya aika kowa Bagadaza ba, Hajiya. Ya shekara 59 a ƙasa kafin a yi wannan ta'asa.

Bari in fara da ɗan gidan kallo, don shi ya fi ba ni dariya. Iri biyu ne, kuma kullum suna faɗa da juna. Ɗaya ya ce duk ƙaryar Holiwud ce, ai ya ga Tom Hanks a Saving Private Ryan na 1998, ya san jan fenti ne. Ɗayan ya ce ai Amurka ce, maɓalli kawai ta danna komai ya tashi. Ba su sani ba ashe uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, don duka biyun sun ɗauka abin ya zo da sauƙi. To a Omaha kusan duk abin da manya suka tsara da injina da lissafi sai da ya wargaje kafin ƙarfe bakwai na safe.

Ranar ma ba ita aka sa ba. Litinin 5 ga wata aka tsayar, jiragen ruwa kusan 7,000 sun yi shiri, wasu har sun kama hanya, sai iska ta taso a tekun da ya raba Ingila da Faransa aka ce su juyo. Mai duba yanayi, wani ɗan Sukotlan da ake kira James Stagg, ya shaida wa Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, cewa yana hango ɗan sarari ranar Talata. A kan wannan ɗan sarari aka jefa rayukan. Eisenhower ya ce a tafi, sannan ya keɓe ya rubuta 'yar takarda ya sa a walat, wadda za a karanta in abin ya ɓaci, a ciki ya ce laifin nasa ne shi kaɗai. Don tsabar abin da ke kansa ya rubuta 5 ga Yuli a ƙasanta maimakon Yuni. Mutumin da ke da maɓallin dannawa ba ya manta watan da yake ciki.

Iskar nan kuma ita ta yaudari Jamusawa. Romel, wanda aka damƙa wa tsaron gaɓar, ya ga ba mai ƙetarowa a wannan yanayi, ya hau mota ya tafi gida Jamus. Ranar 6 ga Yunin matarsa ke cika shekara 50, ya kuma sayo mata takalmi a Faris. A can waya ta same shi. (Magidanta, na ga kuna murmushi. Kada wanda ya kai wa uwargida wannan labari a matsayin hujjar hana takalmin Sallah.) Hitila kuwa barci yake, ba wanda ya yi ƙarfin halin tashinsa, tankokin ajiya da ba sa motsi sai da izininsa suka zauna har bayan azahar. Ko da ya farka ma bai yarda nan ne wurin ba. An riga an cika masa kunne cewa ta Calais za a ɓullo, inda tekun ya fi ƙuntata, domin an kafa wa Janar Patton rundunar sojan gona a kudancin Ingila, da tankokin roba da ake hura wa iska da surutun ƙarya a wayar iska. Wani ɗan Sifen, Juan Pujol, ya ƙirƙiro wa Jamusawa 'yan leƙen asiri fiye da 20 waɗanda ba a taɓa haihuwarsu ba, Jamus tana biyansu albashi, har ta ba shi lambar yabo, Ingila ma ta ba shi tata. Masu cewa damfara sai a ƙasarmu, ga yayanku nan.

Duk wannan dabara ta yi aiki, amma ba ta rage wa yaran Omaha ko kilo ɗaya daga kayansu ba. Ku dubi wurin. Rairayi ne mai tsawon kilomita 8, a bayansa tudu miƙaƙƙe mai mita 30 zuwa sama, Jamusawa na kansa cikin ɗakunan kankare, sun saita bindigogi masu jigida ta yadda wutar wannan za ta gamu da ta wancan. An zaɓi a sauka lokacin da ruwa ya janye, don a ga turaku da ƙarafa da nakiyoyin da Romel ya shuka. Ke nan sai mutum ya ratsa fili fetal na kusan mita 300 ba ko kututturen da zai laɓe. An gaya wa yaran cewa masu gadin wurin 'yan kaɗan ne kuma na baya-baya. Ba a gaya musu runduna ta 352 ta matso ba, don masu shirin ma ba su yi lissafi da ita ba.

Tun duhun asuba aka zuba su a ƙananan jiragen katako masu ƙofa a gaba, fiye da kilomita 15 daga gaɓa, mutum 30 da 'yan kai a kowanne, tsaitsaye, a cushe kamar 'yan cin kasuwar ƙauye a bayan a-kori-kura. Igiyar ruwa na dukansu, amai ya ƙi tsayawa, wasu na kwalfe ruwa da hular kwano. Kowa na ɗauke da kayan da suka haura kilo 30. An yi musu alkawarin jiragen sama za su riga su share tudun. Jiragen sun zo, gajimare ya rufe ƙasa, matuƙan suka ji tsoron zuba wa nasu, suka jinkirta sakin bam da 'yan daƙiƙoƙi, ya tafi can cikin gonaki ya kashe shanun Faransawa. An yi musu alkawarin tankoki masu iyo. A ɓangare ɗaya an saki 29 a ruwa, 27 suka nutse.

Ƙarfe 6:30 ƙofofi suka faɗi. Kamfanin A na rajimanti ta 116 ya sauka daidai inda aka tsara masa, kuma wannan ce ƙaddararsa, don daidai bakin bindigogin ne. Kafin kwata guda ya daina zama kamfani. Hafsoshi sun faɗi, saje-saje sun faɗi, saura na kwance cikin ruwa suna laɓewa bayan turakun da aka ɗaura wa nakiya. Janar Bradley, mai jagorantar sojojin Amurka, na can cikin jirgin yaƙi a teku, labari ba ya isowa sai mummuna, har ya fara tunanin janye waɗanda suka rage ya karkatar da na baya zuwa wata gaɓa.

To ɗan gidan kallo, nan nake so ka tsaya. Shiri ya ƙare, wayoyin iska sun jiƙe, mai ba da oda ya mutu. Abin da ya rage mutane ne kwance bayan tarin tsakuwa, jiƙe sharkaf, ruwa na dawowa yana cinye masu rauni. Sai aka fara tashi, nan goma, can ashirin, sau da yawa ba ma 'yan ƙungiya ɗaya ba ne, suna bin wani laftanar ko kofur da ba su san sunansa ba. Kanar George Taylor ya bi su yana cewa mutum iri biyu ne za su zauna a wannan rairayi, wanda ya mutu da wanda zai mutu, don haka a tashi. Birgediya Norman Cota, ɗan shekara 51, yana yawo a tsaye da fistol a hannu yana tayar da su ɗaya-ɗaya. Suka fasa shingen waya da bututun nakiya, suka bar hanyoyin kwari da aka tsara musu, suka hau tudun ta cikin gonar nakiya, kowa na taka sawun na gabansa. Jiragen ruwan yaƙi kuma suka matso har ƙasansu na neman taɓa yashi, suna harbin ɗakunan kankaren ido da ido. Da dare mutum 34,000 sun taka ƙasa a Omaha, an biya da fiye da 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, a Omaha kuwa tun karin kumallo ta ƙare.

Can yamma kaɗan akwai wani tsauni da ya kutsa cikin teku, Pointe du Hoc, inda aka ce an girke manyan igwa shida. Aka tura zaratan sojoji 225 ƙarƙashin Laftanar Kanar James Rudder su hau gangaren mita 30 da igiya da tsani, ana sako musu gurneti ana yanke igiyar. Suka hau. Me suka tarar? Falwaya, an jera ta a gurbin igwa. Na gasken an janye su can baya. Suka bi sawu suka sami biyar a ɓoye, suka lalata su. Bayan kwana biyu kimanin 90 ne ke iya ɗaukar bindiga. In marubucin fim ya kawo muku wannan, ku ne za ku ce ya cika ƙari.

Ɗan majalisa ya ce ai 'yan gata ne, Amurka kowa da motarsa, sun gaji da hutu suka zo neman suna. Bari in kai ka Bedford. Ƙaramin gari ne a jihar Bajiniya, mutanensa a lokacin kimanin 3,200. A shekarun 1930, da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, samarinsa 'ya'yan manoma da leburori suka shiga rundunar sa-kai ta jiha, saboda ana biyan dala ɗaya duk ranar fareti, ga kaki na yin ado a gaban 'yan mata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: a Fabrairun 1941 gwamnatin tarayya ta kira su ta mai da su cikakkun sojoji, kuma su ne a Kamfanin A ɗin nan. 19 suka mutu a wannan rana. Gari bai sani ba sai tsakiyar Yuli. Wata budurwa mai karɓar wayar tangaraho a wani kantin magani ta kunna injinta da safe, saƙon ta'aziyyar gwamnati ya fito, wani ya biyo, wani ya biyo, duka sunayen mutanen da ta sani ne, kuma sai an sami mai kai kowace takarda gidan da ta dace. Gidan Hoback sun rasa 'ya'ya biyu, Bedford da Raymond. Ba a ga gawar Raymond ba har yau, Baibul ɗinsa kawai wani soja ya tsinta a rairayi ya aiko wa iyayen. Tagwaye Roy da Ray Stevens jirgi daban-daban suka shiga. Na Roy ya nutse kafin ya kai gaɓa aka tsamo shi, nutsewar nan ce ta cece shi. Na Ray ya isa, shi bai dawo ba. Abin da ya sa ke nan da Amurka ta tashi gina babban dandalin tunawa da wannan rana, ta tsallake Washinton ta kai shi Bedford, aka buɗe shi ranar 6 ga Yuni 2001.

Ga ɗan boko can ya ɗaga yatsa, na san me zai ce: Rasha ce ta ci yaƙin. Zauna, ɗan'uwa, ba mu da faɗa. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kimanin miliyan 27. Amurka, a duk fagagen yaƙin har da na Japan, ta rasa 400,000 da 'yan kai. Mafi yawan sojojin Jamus a gabas aka kashe su, kuma bayan Nomandi da mako biyu da ɗoriya Rasha ta buɗe farmakin Bagration ta murƙushe rundunar tsakiya ta Jamus. Duk na sa hannu. Sai dai ka amsa mini ɗaya: in saukar Nomandi wasan yara ce, me ya sa Stalin ya yi shekaru yana ƙorafin an ƙi yin ta, har sai da ya karɓi alkawari a taron Tehran a ƙarshen 1943? Ka fi shi kishin Rasha ne?

Shi kuwa na ƙarshen benci da ke cewa Hitila namiji ne tunda ya gasa wa Ingila da Faransa aya a hannu, masu mulkin mallakarmu, ina da labari ɗaya gare shi. A Yunin 1940 a Chasselay, kusa da Lyon, sojojin Jamus suka kama wata rundunar Faransa, suka ware farare gefe, suka kora baƙaƙen 'yan Afirka ta Yamma cikin fili, suka buɗe musu wuta, suka bi ta kan masu sauran numfashi da tanka. Maƙabartarsu tana nan. Namijin naka da ya iso Kano, ba shayi zai saya maka ba.

Gardamar da ta fi kowacce nauyi ba ku kawo ta ba, bari in ara muku, kyauta. Sojojin da suka je karya mai wariyar jinsi su kansu a ware suke. Baƙaƙe barikinsu daban, farare daban, har jinin da ake ƙara wa mai rauni an raba shi. A kudancin Amurka fursunan yaƙi Bajamushe kan zauna ya ci abinci a inda baƙin soja ɗan ƙasa ba shi da izinin shiga. Sai 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a soke wannan wariya a cikin soja. Duk da haka baƙaƙe kusan 2,000 sun sauka a ranar, cikinsu har da bataliya ta 320, masu ɗaga manyan balan-balan da igiyar ƙarfe don hana jiragen Jamus yin ƙasa-ƙasa. Tare da su akwai ma'aikacin jinya ɗan shekara 21, Waverly Woodson, ɗalibin Jami'ar Lincoln, wadda Azikiwe da Nkrumah suka yi. Jirginsu ya taka nakiya, ɓarɓashin bam ya yage masa cinya da baya. Aka ɗaure masa, ya kafa wurin jinya a Omaha, ya yi awa 30 yana cire harsashi yana ɗaure rauni, har yanke ƙafa ya yi, bai tambayi launin kowa ba, sannan ya yanke jiki ya faɗi. An yi maganar ba shi lambar yabo mafi girma, maganar ta bi ruwa. Babu baƙin soja ko ɗaya da ya sami wannan lamba a yaƙin sai 1997, da Clinton ya ba mutum bakwai, ɗaya ne kawai a raye, Woodson kuma ba ya ciki. Ya rasu a 2005. Sai 2024 aka miƙa wa matarsa lamba ta biyu a daraja. Shekara 80, jama'a. A nan ba na kare kowa, abin kunya ne ƙarara. Ku dai lura da yadda aka yi har aka ɗan gyara. Wata 'yar jarida, Linda Hervieux, ta bi tsofaffin takardu da tsofaffin sojoji ta buga littafi a kan bataliyar a 2015, iyali suka nace, 'yan majalisa suka shiga, hukumar soja ta rasa ta cewa. Da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, da ba abin da za a tono.

Ku ƙara wannan a jakarku: Faransawa farar hula kimanin 20,000 suka mutu a yaƙin Nomandi, da yawansu bama-baman masu ceton nasu ne suka kashe su. An baje Caen, an baje Saint-Lô. Mutanen yankin sun fi ni da ku sanin wannan, kakanninsu ne. Amma su ɗin ne, iyali-iyali, ke ɗaukar kabarin wani Ba'amurke da ba su taɓa gani ba, su yi alkawarin kai masa fure duk shekara. In su da aka rusa wa gida sun auna sun ga yaran sun ci fure, ban ga abin da zai sa mu fi su fushi ba.

Maƙabartar tana Colleville, a kan tudun nan da aka sha wuyar hawa, tana kallon Omaha. Faransa ta ba da filin, hekta 70, har abada. Kaburbura fiye da 9,300, kuma waɗannan ragowa ne, domin an bai wa iyalai zaɓi, mafi yawa suka ce a kawo musu nasu gida. Kusan kowane dutse na ɗauke da suna, muƙami, runduna, jiha da ranar mutuwa. Janar da farabiti dutse iri ɗaya, tsayi ɗaya. Theodore Roosevelt ƙarami, ɗan tsohon shugaban ƙasa, wanda ya sauka Yuta da sandar dogarawa yana da shekara 56, ciwon zuciya ya ɗauke shi bayan wata guda, yana nan kusa da ƙanensa Quentin da ya mutu a yaƙin duniya na farko. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, su 1,557, an sassaƙa sunayensu a bango, Raymond Hoback na ciki, in kuma an gano wani daga baya sai a maƙala alama kusa da sunansa. Farin dutse ne, rubutun ba ya fita sosai, don haka in dangi sun zo akan ɗebo jiƙaƙƙen yashin Omaha a goga cikin haruffan har suna ya fito. Yashin ma ba yashi ne zalla ba: wasu masana duwatsu biyu da suka ɗebi samfurinsa a 1988 sun tarar kashi 4 cikin 100 ɓarɓashin ƙarfen bam ne. Ba nisa daga nan akwai La Cambe, inda Jamusawa fiye da 21,000 ke kwance, su ma an adana su.

Allah gafarta Malam, na ga ka gyara rawani. Gina kabari da marmara ba tafarkinmu ba ne, haka ne, ban kuma ce a yi ba. Namu ƙasa ce da itace, ta ishe mu. Amma rajista ba gini ba ce. Rubuta sunan wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba, da garinsu, da inda ya faɗi, ban ji malamin da ya hana ba, mu da muke haddace salsalar malamai da jerin sarakuna tun daga Bagauda.

Sai abokan wasana Zazzagawa, da tun ɗazu suke ihun "namu fa? namu fa?" Madalla da tambaya. A daidai ranar da ake mutuwa a Omaha, bataliyoyi uku na sojojin Nijeriya na cikin dajin Bama a bayan layin Japanawa, cikin ruwan damina, tare da rundunar da ake kira Chindit. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. 'Yan uwanmu na ɓangaren Faransa kuwa da su aka sauka gaɓar Provence ranar 15 ga Agusta 1944, sannan ranar 1 ga Disamba sojojin Faransa suka bindige tsoffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka ta Yamma a Thiaroye, kusa da Dakar, don sun nemi kuɗinsu. To Bazazzagi, barikin Chindit a garinku yake, kullum kana wuce shi a kan acaɓa. Ka taɓa tambayar daga ina sunan ya fito? Ɗan Kaduna, barikin Dalet fa, da na Kalapanzin? Wurare ne a Bama da kakanninku suka zubar da jini. Kakanka da ake cewa ya je yaƙin Bama, wace bataliya? Wa ya tafi tare da shi daga unguwarku bai dawo ba? Shiru kake ji. Mu Kanawa aƙalla muna da uzuri, muna kasuwa. Ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja a saki tantabaru, ka taɓa jin an karanta sunan mutum ɗaya da ya faɗi a Kaladan? Ba'amurke bai riƙe mana alƙalami ba. Laifi tudu ne, Malam, sauko daga kan naka tukuna.

Su dai tsofaffin sojojin Nomandi lokaci na ƙure musu. Wanda ya sauka yana da shekara 18 ya kai 98 a bikin cika shekara 80 da aka yi a 2024, inda aka turo 'yan tsirarun da suka rage a kekuna, Biden da Macron na sunkuyawa suna gaishe su. Rasha ba a gayyace ta ba saboda yaƙin Yukren, alhali Putin ya halarci na 2004 da na 2014, ka ga siyasa ba ta ƙyale ko maƙabarta ba. Amma labarin da ya fi daɗi a makon ba na shugabanni ba ne. Ranar 8 ga Yuni, a garin Carentan da aka gwabza a kansa a 1944, wani tsohon sojan sama, Harold Terens, ɗan shekara 100, ya angwance da amaryarsa Jeanne mai shekara 96. Magajin gari ya ɗaura, da dare aka gayyace su liyafar fadar shugaban Faransa. Tuzuran majalisa, ku da kuke ta cewa sai an gama haɗa lefe, dattijo ya ga yaƙin duniya, ya ga shekara 100, ya kuma riga ku. A sanar da mu rana.